Tambaya da Amsa: Iskar Oksijin ga Wanda Numfashinsa Ya Sarƙe

Tun da hunturu ya kankama, yawancin wasiƙun da ke zuwa wa wannan fili sun koma kan tari da sarƙewar numfashi. Mun ware waɗanda suka shafi iskar oksijin, ga amsoshin likitoci da ma'aikatan jinya da masu gyaran na'urorin asibiti.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya kwana biyar yana zazzaɓi da tari, numfashi na yi mashi wuya. Da muka kai shi asibiti aka ce za a sa mashi oksijin, sai kawunnanmu suka ƙi, wai duk wanda aka sa wa abin nan ba ya tashi. Mene ne gaskiyar magana? Daga wata baiwar Allah, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ki roƙi kawunnanki su bari a sa masa yau ɗin nan.

Maganar tasu tana da tushe. Shekaru da yawa oksijin ta yi ƙaranci a asibitocinmu, sai a adana ta don wanda ya kai gargara. Mutane suka riƙa ganin ana gungura tukunyar oksijin zuwa gadon mai jinya, jim kaɗan a fito da gawa, suka ɗora laifin kan tukunyar. Alhali jinkirin sawa ne ya yi ɓarnar.

A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyi, jini na zagaye kowacce yana ɗibar oksijin. Idan ƙwayar cutar bairos ta sauka huhu, ko ta korona ce, ko ta mura mai tsanani, ko ta ƙyanda a jikin yara, jakunkunan nan kan kumbura su cika da ruwa, wasu su manne. Jini zai bi ta wajensu ya wuce hannu rabbana. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Ga lafiyayyen huhu wannan ya isa har da saura, amma huhun da rabinsa ya jiƙe ba zai ƙoshi da ita ba. Abin da asibiti ke yi shi ne ƙara kaurin oksijin a iskar da ke isa ga sauran jakunkunan da ke aiki. Oksijin ba ta kashe ƙwayar cutar. Tana kare ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda ne daga lalacewa har jiki ya ci ƙarfin cutar, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

Kuma kada zaman Baba yana hira ya ruɗe ku. A annobar korona, wadda aka fara tabbatar da ita a jihar Katsina a Daura cikin Afrilun 2020, likitoci a ko'ina sun ga majinyata suna amsa gaisuwa lafiya lau alhali oksijin ɗin jininsu ya faɗi ƙasa sosai. Awon oksijin ɗin jini da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ne ke faɗin gaskiya. Lafiyayyen mutum yakan nuna kashi 95 zuwa 100. Ƙasa da 90, ko numfashi sama da 30 a minti ga babba, ciwo ya yi tsanani, oksijin ta zama dole.

TAMBAYA: Na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don mahaifiyata. Wani lokaci ta nuna 97, wani lokaci 86. Wanne zan yarda da shi? Daga wani ɗan kasuwa, Sabuwar Unguwa.

AMSA: Alhaji, na'urar tana haska yatsa ne ta karanta launin jini, don haka duk abin da ya tare hasken ko ya rage gudun jini zai ɓata lissafinta. Sanyin hannu shi ne na farko a wannan lokaci. A murza hannun Hajiya ya yi ɗumi, ta zauna ta huta minti biyar, ta ɗora hannun a cinya ba motsi. A sa a yatsan tsakiya, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya har lambar ta tsaya, sannan a rubuta ta. Jan farce da baƙin lalle suna iya ruɗa ta, sai a nemi yatsan da ba shi da su ko a gwada yatsan ƙafa. Lambobi biyu ne a fuskarta, ɗaya na oksijin ɗaya na bugun zuciya, kuma mutane da yawa suna musanya su. Ka ƙirga bugun da kanka a wuyan hannu. Idan bai yi daidai da na na'urar ba, awon oksijin ɗin ma ba abin dogaro ba ne.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a Amurka da ya fito a Disamban 2020 ya nuna cewa na'urar tana yawan nuna lamba sama da ta gaskiya a jikin baƙar fata, har kasa gano ƙarancin oksijin ya kusa ninka na farar fata sau uku. Saboda haka mu ba ma jiran 90. Idan Hajiya na tari da zazzaɓi, awo ya tsaya a 92 ko ƙasa, a tafi asibiti. In kuma tana haki, ba ta iya gama jimla ba tare da ta tsaya ta numfasa ba, ko harshe da leɓe sun yi shuɗi-shuɗi, a tafi ko da na'urar ta nuna 96. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki: na'urar za ta nuna lamba mai kyau alhali guba ce ta cika jinin.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura. Muna da injin tace oksijin mai lita 5 da babbar tukunya ɗaya. Idan na sa ma majinyaci robar hanci awo bai tashi ba, me zan yi, kuma yaushe zan tura shi gaba?

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Oksijin magani ce mai ƙa'ida, ana rubuta lita nawa a minti, ta wace hanya, da lambar da ake son kaiwa. Ga babba ana son 90 zuwa 96. Mai juna biyu 92 zuwa 95. Wanda ya zo a galabaice, ana neman 94 ko sama har ya daidaita. Mai tsohon ciwon toshewar huhu, irin na daɗaɗɗen mashayin taba ko matar da ta shekara da shekaru a hayaƙin itace, 88 zuwa 92 ya isa, domin yawan oksijin kan sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jininsa ya shiga magagi.

Ka zaunar da shi a jingine tukuna. Robar hanci tana ɗaukar lita 1 zuwa 6 a minti, kowace lita tana ƙara wajen kashi 4, iyakarta kusan kashi 44 ke nan. Ga mai tsananin ciwo ka fara da 5. Ka sake awo bayan minti biyar zuwa goma. Bai kai ba, ka koma takunkumin fuska, lita 6 zuwa 10. Kada ka taɓa sa takunkumi ƙasa da lita 5, domin iskar da ya fitar za ta tsaya a ciki ya sake shaƙarta. Daga nan sai takunkumi mai jaka, lita 10 zuwa 15. Kafin ka ɗora masa, toshe bawul ɗin da yatsa har jakar ta cika tam, kuma ka lura kada ta lanƙwashe gaba ɗaya idan ya ja numfashi. In tana lanƙwashewa, iskar ba ta isa ba. A nan ake yawan kuskure: injinka mai lita 5 ba zai iya ciyar da takunkumi mai jaka ba, tukunya ce aikinta. Murɗa injin ya wuce iyakarsa ma ba dabara ba ce, iska za ta fito da yawa amma oksijin ɗin cikinta ya tsinke.

Sai dai kafin ka yanke cewa huhun ne ya ƙi, bi layin iskar tun daga tushe har hanci. Tsoma bakin robar a kofin ruwa ka ga ko tana kumfa. Duba ko tiyo ya lanƙwashe ƙarƙashin majinyaci ko majina ta toshe shi. Kwalbar ruwan da ke jiƙa iskar ita ce babbar mai yoyo, in an ɗaura murfinta a karkace rabin iskar a ɗaki take tsiyaya. Ƙasa da lita 4 ma ba lalle sai da ita ba. In za a yi amfani da ita, ruwan da aka tafasa ya huce za a zuba, a canza kullum. Ma'aunin gudun iskar kuma a tsaye ake karanta shi, ido daidai da ɗan ƙwallon.

Shi injin, iskar ɗaki yake zuƙa ya bi da ita ta cikin wani gari mai kama da tsakuwa da ke riƙe naitirojin, ya saki oksijin mai tsabtar kashi 90 zuwa 96. Ƙura da laima ne abokan gabansa. Soson tace ƙura da ke bayansa ana wanke shi mako-mako, amma a hunturun Daura kowane kwana biyu ko uku ya fi, kuma sai ya bushe ƙarau ake mayarwa, shi ya sa ake ajiye na biyu. A bar tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da bango. Idan fitilar gargaɗi ta kama, tsabtar ta faɗi ƙasa da kashi 82, a kira mai gyara. Yana cin wuta wat 300 zuwa 600 gwargwadon girmansa, ba ya son wuta mai hawa da sauka, kuma da an ɗauke wuta ya tsaya nan take. Tukunya ta kasance a gefe da regileta, wato na'urar rage matsin iska, a ɗaure, sifana a rataye a wuyanta.

Lissafin tukunya kuwa kowane ma'aikaci ya kamata ya haddace. An buga girman cikinta a kafaɗarta da lita. Ka ninka wannan da lambar da agogon tukunyar ya nuna a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Babbar tukunya mai lita 47 a kan 150 tana ɗauke da kusan lita 7,000. A kan lita 5 a minti za ta kusa kwana guda. A kan 15 ba za ta kai awa takwas ba. In agogonka mai dubbai ne, mai ma'aunin "psi", raba da 14.5, wato 2,000 ya zama kusan 138. Kada ka jira allura ta kwanta, ka nemi canji tun tana rubu'i.

Batun turawa, kada ka jira a kai maƙura. Wanda ya buƙaci takunkumi mai jaka ya riga ya fi ƙarfin asibiti mai tukunya ɗaya. In yana kan lita 15 awo bai kai 90 ba, ko numfashi ya haura 30 zuwa 35 ya ƙi sauka, ko yana gumi yana jan iska da wuya da kafaɗa, ko ya fara ruɗewa, lokaci na ƙurewa. Mafi haɗari shi ne wanda ya daɗe yana haki sai ya yi shiru, numfashi ya ragu, barci na fizgarsa. 'Yan'uwa za su ce ya samu sauƙi, alhali gajiya ce ta kayar da shi. Ka buga waya can su shirya gado kafin mota ta tashi. Daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina wajen kilomita 80 ne. Ka ƙiyasta lokacin tafiya ka ninka shi biyu saboda faci da tsaiko. Awa uku a kan lita 15 lita 2,700 ne, ƙaramar tukunya mai lita 10 kuwa 1,500 kawai take ɗauka, minti 100 ke nan. Biyu za ka ɗauka, a ɗaure su kada su yi birgima, kai ko abokin aikinka ku bi shi da na'urar awo a yatsansa.

A babban asibiti akwai matakai uku a gaba. Akwai na'urar da ke tura iska mai ɗumi da laima ta hanci har lita 60 a minti. Tana da daɗin sha'ani ga majinyaci, yana iya ci yana iya magana, amma tana iya shanye babbar tukunya cikin ƙasa da awa biyu, don haka sai inda ake da injin samar da oksijin na asibiti da bututu a bango. Akwai takunkumi mai matsa iska, wanda ma'aikata ke kira sifaf, da ke buɗe jakunkunan da suka manne. Na ƙarshe a sa mutum barci, a zura bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa numfasa masa kaɗan-kaɗan, mililita 6 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsa, don kada a yaga huhun da ya riga ya yi rauni.

TAMBAYA: Oksijin ta yi tsada. Wani ya ce mani ta masu walda duk ɗaya ce, kuma ta fi araha. Daga wani magidanci, Mai'aduwa.

AMSA: Kada ka yi, Malam. Tukunyar walda ba a wanke cikinta ko gwada ta don shaƙar ɗan Adam, tana iya ɗaukar tsatsa da laima da mai da ragowar wata iskar. Huhun da ke ciwo ba zai jure wannan ba.

Tun da ka taɓo tukunya a gida, ga abin da ya fi damunmu. Oksijin tana sa wuta ta ci kamar an zuba mata fetur. Kaskon wuta, kaskon turare, risho, sigari, maganin sauro na kunnawa, duk su yi nesa da ita aƙalla mita 3, gara ma a fitar da su daga ɗakin. Mai da giris kan kama da wuta da kansu idan suka haɗu da oksijin mai matsi, saboda haka ba a shafa wa regileta mai, ba a taɓa ta da hannu mai maiƙo, ba a shafa wa hancin majinyaci basilin ko man shanu. A buɗe kan tukunya a hankali, a ɗaure ta a tsaye da sarƙa, a raba ta da rana. A Afrilun 2021 fashewar tukunyar oksijin a wani asibitin masu korona a Bagadaza ta kashe mutum fiye da 80.

TAMBAYA: An ce yayana ya riƙa kwanciya rub da ciki a asibiti. Mun taso mun ji an hana irin wannan kwanciya. Me take ƙara mashi? Daga wata ɗaliba, Rafin Daɗi.

AMSA: Malama, hukuncin mai larura daban yake da na mai lafiya, kuma malamanmu sun san da haka. Ta fuskar jiki, mafi yawan huhu a baya yake. Idan mutum ya kwanta rigingine, zuciya da kayan ciki suna danne wannan sashe, ruwa ya taru a can, alhali jini ya fi bi ta wajen. Da ya kife sai bayan ya buɗe, iska da jini su haɗu. Sau da yawa awo kan tashi cikin 'yan mintoci, kuma an tabbatar a lokacin korona cewa hakan na rage yawan waɗanda ake kai wa ga zura bututu.

A sa matashi ƙarƙashin ƙirji, wani a ƙugu, wani a ƙwauri, a bar ciki sakayau, a juya kai gefe, a tabbata robar ba ta lanƙwashe ba. Ya yi minti 30 zuwa awa biyu, ya juya dama, ya zauna a jingine, ya juya hagu, ya sake kifewa. Wanda ya tara awa takwas ko fiye a yini ya fi amfana. A bar awa ɗaya bayan cin abinci. Ba a yi wa mai tsohon ciki, ko mai rauni a ƙashin baya, ko wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan, ko mai amai, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Kuma kwanciyar ƙari ce a kan oksijin, ba a cire roba don an kife.

TAMBAYA: Ɗiyata 'yar wata huɗu na mura, ƙirjinta na lotsawa, ta rage kama nono. Jariri ma ana sa mashi oksijin? Daga wata mai shayarwa, Sandamu.

AMSA: Ana sa wa, kuma alamun da kika faɗa na zuwa asibiti ne yanzu, ba sai gari ya waye ba. Ki ɗaga rigarta ki ƙirga numfashi na minti guda cur tana kwance shiru. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Lotsawar ƙasan haƙarƙari, nishi a kowane numfashi, kai na gyaɗawa tare da numfashi, kasa tsotso, duk alamun haɗari ne. Akwai wata ƙwayar bairos da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na jarirai, kuma babban maganinta oksijin ne da ciyarwa da share hanci.

Yara robar hanci ƙarama ta fi dacewa da su: sabuwar haihuwa rabin lita zuwa 1, ɗan ƙasa da shekara 1 zuwa 2, wanda ya fi haka 1 zuwa 4. A ɗiga ruwan gishiri na asibiti a hanci a zuƙe majina, domin toshewar hanci kaɗai tana hana iskar wucewa. In ba ta iya kama nono, ki tatsa a ba ta ta siririn tiyo, kada a yi mata ɗura. Bakwaini kuwa ana kiyaye kada awonsa ya wuce 95, saboda yawan oksijin yana lalata idonsa.

TAMBAYA: An ce in mutum ya saba da oksijin ba ya iya rabuwa da ita. Kuma akwai wata ƙwaya da aka ce tana hana a kai ga haka, in saya a kyamis? Daga wani malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Oksijin ba ta zama jiki, Malam. Idan huhu ya warke awo ne zai nuna. In ya zauna sama da 96 kuma numfashi ya lafa, sai a rage lita ɗaya, a jira minti 15, a sake awo. Ya faɗi, a mayar. Haka har a cire, a gwada shi a zaune, a gwada bayan ya ɗan taka, a kuma duba cikin dare, domin a barci awo ya fi sauka.

Ƙwayar da kake nufi dekzametason ce. Binciken da Jami'ar Oksfod ta jagoranta a Ingila ya nuna a Yunin 2020 cewa miligiram 6 a rana har kwana goma ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba, ba ta amfane su ba. Tana raunana garkuwar jiki, tana ɗaga sukari, tana iya tayar da tarin fuka da ya kwanta. Mura mai tsanani kuma nata maganin daban ne, oseltamibir, wanda ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Tun da alamun cututtukan biyu kusan ɗaya ne, sai an duba mutum an gwada shi kafin a san wanne za a ba shi, kuma mai ciwon sukari da aka sa wa dekzametason sai an riƙa auna sukarinsa kullum har ya gama.